Yadda ake auna tano, tanki, rijiya da rodi a san abin da suke ɗauka da abin da aka yi su da shi

Duk abin da gindinsa da bakinsa suke da'ira iri ɗaya, jikinsa kuma ya miƙe sak daga ƙasa har sama ba kumburi ba tsukewa, shi ake kira silinda. Tanon ruwa, tankin da ake ɗorawa bisa gida, rijiyar siminti, tiyo, gwangwanin tumatir, sandar rodi, wayar lantarki, duk sifarsu ɗaya, lissafinsu ma ɗaya. Awo biyu ake bukata a san girman irin wannan abu, wato yawan wurin da ya ci ko yawan abin da zai ɗauka: faɗi da tsawo. In aka ƙara na uku, nauyi, sai a fitar da danƙarewarsa, wato giram nawa ke cikin kowane santimita kubik na jikinsa (santimita kubik shi ne girman ɗan akwati mai santimita guda a tsawo, faɗi da tsayi). Ƴan lakkol sun san ta da sunan masse volumique. Da ita ake rarrabe jan ƙarfe da tagulla, da ita ake gane rodin da aka rage wa kauri.

Cikin awon nan uku, faɗi ne ke bukatar natsuwa. Sau biyu yake shiga lissafi, saboda haka kuskuren da aka yi a kansa ninki biyu yake fitowa. Tsawo da nauyi sau ɗaya ɗaya suke shiga.

A nan mun bi rubutun lambobi irin na makarantun Nijar: waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, kamar 3,14. Na'urar lissafi ta cikin waya sau da yawa ɗigo take amfani da shi a wurin, 3.14. Ka duba taka tun kafin ka fara.

Kayan aiki

Tef ɗin awo na ƙarfe irin na magina, rula, igiya ko zaren da ba ya miƙewa, sanda miƙaƙƙiya, sikeli, da takarda da alƙalami. In abin ƙarami ne, faɗinsa bai kai santimita 5 ba, sai an samu ma'aunin kauri mai zamiya, irin wanda makanikai da masu walda ke riƙewa. Ana samunsa wajen masu kayan gini a kasuwar Katako a Yamai, kuma a Tawa ba a rasa shi a garejin da ake buɗe inji.

Tef da yawa fuska biyu gare su, santimita a gefe ɗaya, inci a ɗaya gefen. Inci guda santimita 2,54 ne. Ka zaɓi santimita ka tsaya a kai har ƙarshe. Ƙugiyar da ke bakin tef kuwa, in ka ga tana ɗan motsi kada ka buge ta da guduma. Da gangan aka bar ta haka, tana ja da baya daidai kaurinta in ka dafa ta a bango, tana fitowa in ka maƙala ta a gefen abu.

Mataki na farko: yanke shawara, ciki ko waje

Kafin ka ɗora tef, ka san abin da kake nema. In ruwan da tanki zai ɗauka kake so, awon ciki za ka yi. In kuma jikin abin kake so, kamar sandar ƙarfe marar rami, awon waje ne. In abin mai rami ne kuma kayan da aka yi shi da su kake lissafi, kamar zoben rijiya ko tiyon ƙarfe, sai ka yi duka biyun. Lambar da aka rubuta a jikin tiyo ko wadda mai shago ya faɗa suna ce kawai, ba awo ba. Tiyon roba mai tauri, irin na aikin famfo, yawanci da faɗinsa na waje ake kiransa, ruwa kuwa a ciki yake gudu.

Mataki na biyu: faɗi

Faɗi shi ne layin da ya tashi daga gefe zuwa gefe ya ratsa ta tsakiyar da'ira. Matsalar ita ce ba a ganin tsakiyar. Dabarar: ka dafa bakin tef a wuri guda, ka riƙa goga ɗaya gefen hagu da dama a hankali. Lamba mafi girma da ka gani ita ce faɗin, domin duk layin da ya kauce wa tsakiya ya fi gajarta. Daga nan ka juya ka sake auna gicciye da na farko. Tanon da ya sha faɗuwa daga amalanke ba ya zama da'ira sosai; in ka samu 56 a nan, 58 a can, ka haɗa ka raba biyu, 57.

In abin babba ne ko a rufe yake, ka bi ta kewaye. Ka zagaya shi da tef ko igiya, ta kwanta daidai ba ta karkace sama ko ƙasa ba, ka ja ta ta kama jiki, sannan ka raba abin da ka samu da 3,14. Wannan lambar ita ce pi, kuma ba ta canzawa: kewayen kowace da'ira ya ninka faɗinta sau 3,14. Tankin da kewayensa ya ba da santimita 377, faɗinsa na waje 120 ne. Sai ka ɗebe kaurin bango sau biyu, domin bango biyu layin ya ratsa. In kaurin rabin santimita ne, faɗin ciki 119. Hanyar kewaye tana da wata fa'ida: in ka yi kuskuren santimita guda a igiya, abin da zai isa ga faɗi kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Sai dai a guji igiyar roba da tsohon tef ɗin tela, suna miƙewa. A tankunan roba masu ƙusoshi a jiki, ka auna a kan tudu ka auna a kwari, ka ɗauki tsakaninsu.

Ƙananan abubuwa sai ma'auni mai zamiya. Manyan laɓɓansa na waje ne, ƙananan na sama na cikin rami ne, siririn wutsiyar da ke fitowa a ƙarshe ta zurfi ce. Ka goge laɓɓan, ka rufe su, ka tabbata sifiri ya hau kan sifiri. In bai hau ba, ka rubuta bambancin ka riƙa cire shi. Ka kama abin a tsaye da laɓɓan, ba a karkace ba, ka matse daidai yadda zai taɓa, kada ka danne. Wajen karantawa, ka fara duba inda sifirin zamiya ya tsaya a kan babban layi, wannan ne cikakkun milimita. Sannan ka bi ƙananan zanen zamiya ka nemo guda ɗaya da ya yi daidai da wani zane na sama, shi ne gutsuren. In sifiri ya wuce 24, zane na 7 kuma ya daidaita a ma'auni mai rabo goma, awon milimita 24,7 ne. Ka auna a kai, a tsakiya, a gindi, kowane wuri sau biyu gicciye, ka ɗauki matsakaici. Tsatsa da fenti da ɗan kaifin da zarto ya bari a baki duk suna ƙara lamba, a kankare su tukuna.

Waya siririya tana da tata dabarar ko babu ma'aunin. Ka feɗe robar, ka naɗa wayar a jikin fensir zagaye 20, kowane zagaye manne da ɗan uwansa, ka auna tsawon naɗin da rula, ka raba da 20. Wayar gida mai zare ɗaya da ake kira 2,5 (lambar filin bakinta ce, ba faɗinta ba) ya kamata naɗin ya kai kusan milimita 35,6, wato faɗinta 1,78. Mai 1,5 kuwa kusan 27,6 ne, faɗinta 1,38.

Mataki na uku: tsawo

Wannan ba wuya. A bi gefen abin a miƙe. In na ciki ake so, a zura sanda har ta taɓa gindi, a tsaye cak, a yi alama. Gindin tano a ɗage yake daga ƙasa, bakinsa ma yana da ƙarin leɓe, shi ya sa tanon da ya kai kusan 88 a waje ba ya wuce kusan 85 a ciki. A tankin da ke da tiyon ambaliya, tsawon ya tsaya a bakin tiyon, abin da ke samansa iska ne. Haka ruwan da ke ƙasa da famfon fita, yana cikin tanki amma ba ya fitowa. In bakin sanda an yanke shi a karkace, a auna gefe mai tsawo da gefe gajere a ɗauki tsakaninsu.

Mataki na huɗu: lissafin girma

Ka raba faɗi biyu. Ka ninka rabin da kansa. Ka ninka da 3,14. Abin da ya fito shi ne filin gindi. Sannan ka ninka da tsawo. Kamar ka ɗora faifai bisa faifai ne har su kai baki: filin faifai ɗaya sau yawan tsayinsu.

Ga tano, wanda wasu ke kira duro, mai faɗin ciki 57 da zurfin 85. Rabin faɗi 28,5. Sai 28,5 sau 28,5, ya ba da 812,25. Sau 3,14, ya ba da 2550. Sau 85, ya kai kusan 216 800 santimita kubik. Santimita kubik 1000 ne lita guda, saboda haka tanon lita 217 yake ɗauka in an cika shi maƙil. Ana kiransa mai lita 200 ne domin ba a cika shi har baki, ana barin wurin da mai zai kumbura in ya ji zafi.

Lambar nan 2550 tana da amfani fiye da jimillar. Tana nufin kowane santimita guda na zurfi lita 2,55 ne. Ka samu sanda, ka yi mata zane duk santimita 10, kowane zane lita 25 da rabi ke nan, lita 200 kuma tana kusa da santimita 78 da rabi. Mai sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa, da mai ajiye gazuwal na inji, da wannan sandar suna ganin abin da ya shiga da abin da ya fita.

Yanzu dubi abin da kuskure ke yi. In ka ƙara santimita guda a zurfi, lita biyu da rabi ka ƙara. In a faɗi ka ƙara shi, ka rubuta 58 maimakon 57, lissafi zai ba ka lita 224 da rabi, ƙarin kusan lita 8. In kuwa ka manta ba ka raba faɗin biyu ba, zai nuna maka lita 867, ninki huɗu. Duk lokacin da amsa ta fito ninki huɗu na abin da ido ke gani, nan ne aka yi tuntuɓe.

Tankin nan mai faɗin ciki 119, in ruwa ya kai santimita 150: 59,5 sau 59,5 sau 3,14 sau 150, lita 1667. Da ba a cire kaurin bango ba da an samu 1696, bambancin ya fi bido guda na lita 25. Kuma lita 1667 na ruwa kilo 1667 ne. A gaya wa mai walda wannan lambar kafin ya haɗa ƙafafun da za a ɗora tankin, ba bayan ya gama ba.

A manyan abubuwa a yi aiki da mita. Amsar za ta fito a mita kubik, kowane ɗaya lita 1000. Abin da ba a yi shi ne a sa faɗi a santimita, tsawo a mita. Mita guda santimita 100 ce, amma mita kubik guda santimita kubik miliyan ɗaya ce.

Rijiya

Rijiyar siminti mai faɗin mita 1,80, kowace mita ta ruwa tana riƙe da 0,9 sau 0,9 sau 3,14, wato mita kubik 2,54. In ruwan ya kai mita 3,5, lita 8900 ke nan. Zurfin ruwa ana auna shi da busasshiyar igiya mai dutse a baki: a saki har dutse ya zauna igiya ta yi sako-sako, a ɗan ja ta miƙe, a fito da ita a auna inda ya jiƙe.

Ga inda ake ruɗewa. Faɗin da aka auna a bakin rijiya ba lalle ne shi ne na wurin ruwa ba. A rijiyoyi da yawa zoben da aka zura cikin ruwa sun fi na sama ƙanƙanta. In na ƙasan mita 1,40 ne, ruwan mita 3,5 ɗin nan lita 5385 ne kawai, ba 8900 ba. A tambayi wanda ya gina rijiyar, ko a haska tocila a gani.

Ga mai lambun albasa a Galmi ko wani kwarin Adar, abin da ya fi yawan ruwan da ke kwance muhimmanci shi ne saurin dawowarsa. A ja ruwa da inji har ya sauka sosai, a kashe, a auna daga baki zuwa fuskar ruwa, a jira awa guda, a sake aunawa. In ya hau santimita 20 a wuri mai faɗin 1,80, rijiyar ta kawo kusan lita 509 a awa. A yi wannan gwajin a watan Afirilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya fi ja baya, domin lambar da aka samu bayan damina tana ruɗin mai shirin faɗaɗa lambu.

Abu mai rami

Zoben kankare mai faɗin waje mita 1,20, na ciki mita 1,00, tsayi rabin mita. A yi lissafin na waje, a yi na ciki, a ɗebe. 0,6 sau 0,6 ya ba da 0,36. 0,5 sau 0,5 ya ba da 0,25. Saura 0,11. Sau 3,14 sau 0,5, mita kubik 0,173. Kankare yana kai kusan kilo 2400 a mita kubik, saboda haka zoben ya haura kilo 400, ba abin da mutum biyu za su ɗaga da hannu ba ne. In ana zuba siminti kilo 350 a mita kubik, zobe guda zai ci kilo 60, buhu ɗaya na kilo 50 bai isa ba. Kuskuren da aka saba yi a nan shi ne a fara ɗebe 0,5 daga 0,6 sannan a ninka saura da kansa. Wannan yana ba da 0,01 maimakon 0,11, amsa ta ragu ninki goma sha ɗaya.

Mataki na biyar: nauyi

Sikelin ya dace da abin. Guntun ƙarfen da bai kai rabin kilo ba yana son sikeli mai nuna giram ɗaya ɗaya, ba na awon buhu ba. A ajiye shi a daɓe mai lebur, a kashe fanka, a kauce wa iska, a tabbata yana kan sifiri. A gwada shi da abin da aka san nauyinsa, kamar ƙullin sukari na kilo guda da ba a buɗe ba. Batir in ya yi sanyi lambobi suna rawa. A ɗora abin sau uku, ana ɗagewa ana mayarwa. Ya kasance busasshe, ba laka ba mai.

Mataki na shida: danƙarewa

A raba nauyi da girma, giram bisa santimita kubik. Ruwa 1 ne. Alminiyom, wanda masu zubin tukwane a Katako ke narkawa, 2,7. Baƙin ƙarfe 7,85. Tagulla tsakanin 8,4 da 8,7. Jan ƙarfe 8,96. Azurfa 10,5. Dalma ta cikin batirin mota 11,3. Zinariya tsantsa 19,3. Mai son amsar a kilo bisa mita kubik sai ya ninka da 1000.

A ce guntun sanda ne mai faɗin santimita 2,50 da tsawon 8,00. Rabin faɗi 1,25, sau kansa 1,5625, sau 3,14 sau 8, girmansa 39,25. In ya auna giram 106, danƙarewarsa 2,70, alminiyom ne. In 308 ne, baƙin ƙarfe. In kusan 334, tagulla. In 352, jan ƙarfe.

A nan ne amfanin ma'auni mai zamiya ke bayyana. Da rula aka yi awon aka karanta 2,4 maimakon 2,5, girman zai sauka zuwa 36,17. Guntun tagullar nan mai giram 334 sai ya ba da 9,2, a ɗauka jan ƙarfe ne, alhali kuɗinsu ba ɗaya ba ne wajen ƴan gwangwan. Milimita guda ce ta jawo haka.

Akwai hanyar tabbatar da girman ba tare da tef ba, kuma ya kamata a riƙa yin ta. A ɗora kofin ruwa bisa sikeli a mayar da shi sifiri. A ɗaure abin da siririn zare, a zura shi ya nutse duka, amma kada ya taɓa gindi ko gefe, hannu na riƙe da zaren. Giram ɗin da sikeli ya nuna su ne santimita kubik na abin. In lissafi ya ce 39, ruwa ya ce 39, an yi daidai. In sun saɓa da yawa, a koma kan faɗi. Ba a yin wannan da itace ko bulo, suna shan ruwa.

In lissafi da ruwa sun yarda da juna amma danƙarewar ta fito ƙasa da lambar da aka bayar a sama, wataƙila akwai rami a ciki. Ƙarfen zubi yakan ƙunshi ƙananan kumfa. In ta faɗo tsakanin ƙarfe biyu, gauraye ne ko an lulluɓe wani da wani. Wayar lantarki misali ce: mita guda ta 2,5 da aka feɗe, in jan ƙarfe ce zalla, giram 22 take yi. In alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a waje, ba ta kai rabin haka, kuma in aka kankare ta da wuƙa fari ke fitowa. Irin wannan tana zafi a ƙarƙashin lodin da ta gaske ke ɗauka lafiya. Game da zinariya kuwa, wannan awon yana kama jabun tagulla nan take, amma bai isa hujjar saye ba, domin akwai ƙarfen tangistan da nauyinsa ya yi daidai da nata.

Rodi: lissafi a juye

Rodin gini yana da ƙusoshi a jiki, ma'aunin kauri ba ya ba da gaskiya a kansa. Tunda an san danƙarewar ƙarfe, sai a juya lissafin, a bar sikeli ya faɗi kaurin. A ninka lambar rodin, wato faɗinsa a milimita, da kanta, a raba da 162, abin da ya fito shi ne kilo nawa mita guda ya kamata ta yi. Lamba 6 tana ba da 0,222. Lamba 8, 0,395. Lamba 10, 0,617. Lamba 12, 0,888. Sanda cikakkiya mai mita 12 ke nan: ta 8 kilo 4,7, ta 10 kilo 7,4, ta 12 kilo 10,7.

A yanki mita guda daidai a auna, ko a rataye sanda goma a sikeli a raba da goma, bayan an tabbatar tsawonsu ya cika mita 12. In an sayar maka da sunan 12 amma mita guda ta yi kilo 0,75, ka ninka 0,75 da 162, ka samu 121,5. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da haka ita ce 11. Ido ba ya ganin milimita guda, amma ƙarfen ya ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari, ƙarfin ɗaukarsa ma haka. Ƙa'idar masana'antu tana yafe ɗan bambanci, kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari. Abin da ya wuce nan, a sanar da injiniya ko maginin da ke riƙe da aikin kafin a zuba dakali, domin bayan kankare ya kama babu gyara.

Ruwa-ruwa da hatsi

A samu gwangwani miƙaƙƙe, a auna shi fanko a rubuta, ko a mayar da sikeli sifiri yana kai. Mai faɗin ciki santimita 10, in an zuba har santimita 12, ya ɗauki 942. A fara da ruwa: ya kamata a ga kusan giram 940. In an ga haka, gwangwanin da alamar sun inganta. A busar da shi a zuba abin da ake son gwadawa har alamar, ido daidai da fuskar ruwan. Man gyaɗa yana ba da kusan 0,91 zuwa 0,92, wato wajen giram 860. Gazuwal 0,82 zuwa 0,85. Isansi 0,72 zuwa 0,78. In mai ne, a yi a fili, nesa da murhu da taba.

Zafi yana taɓa wannan awon. Lambobin mai ana ba da su ne a digiri 15, mu kuwa a bazara muna haura 40. Gazuwal mai 0,84 a digiri 15 yana sauka kusan 0,82 a digiri 40 ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A yi awon da sassafe, kuma a gwama da man da aka amince da shi a lokaci guda cikin gwangwani guda. Ko da haka, gauraye kaɗan na kananzir ba ya fitowa a sikelin kicin, bambancin ya yi ƙanƙanta. Kada a tuhumi mutum a kan giram biyar.

Gero da dawa da yashi akwai iska a tsakanin ƙwayoyinsu, abin da aka samu ya danganta da yadda aka girgiza. A cika gwangwanin yadda za a cika tanon, a share baki da rula, a fitar da kilo nawa ke cikin lita, sannan a ninka da litocin tanon.

Waɗanda suka yi kama da silinda amma lissafin bai hau kansu kai tsaye ba

Bokiti bakinsa ya fi gindinsa. Mai baki 30, gindi 22, zurfi 28, in aka bi baki kaɗai za a ce lita 20 ne, alhali 15 yake ɗauka. A haɗa faɗin baki da na gindi a raba biyu, 26, a yi aiki da shi, amsar tana zuwa dab da gaskiya. Rumbun ƙasa mai tumbi a tsakiya sai a raba shi hawa hawa, a auna kewayen kowane hawa, a cire kaurin bango, a yi lissafin kowanne daban a tara.

Tankin da aka kwantar, irin na gazuwal, jimillarsa lissafi ɗaya ne, amma sandar awo ba ta tafiya daidai a cikinsa, domin ƙasa da sama a tsuke suke, tsakiya ce mai faɗi. In mai ya kai kashi 10 cikin ɗari na faɗin tankin, abin da ke ciki kashi 5 ne. A kashi 20, kashi 14. A rubu'i, ƙasa kaɗan da kashi 20. A kashi 30, kashi 25. A kashi 40, kashi 37. Sai a rabi ne suke haɗuwa. Daga rabi zuwa sama a auna wurin da babu mai, a karanta shi da waɗannan lambobi, a ɗebe daga jimilla. Tankin ya zauna daidai ba gangare, in ba haka ba sandar za ta faɗi abu ɗaya a wannan kai, ta faɗi wani a wancan.

Silindar injin babur kuwa lissafin tano ne, sai dai tsawon da ake ɗauka ba zurfin ramin duka ba ne, tafiyar fistan ce daga can ƙasa zuwa can sama. Injin Honda CG125 faɗin raminsa milimita 56,5, tafiyar fistan 49,5. A mayar da su santimita: 2,825 sau 2,825 sau 3,14 sau 4,95, ya ba da 124, wanda aka cika zuwa 125 a suna. Cinyewar rami kuwa da gutsuren milimita ake gane ta, tana bukatar ma'aunin da ya fi mai zamiya kaifi, irin na masu gyaran bulok, kuma a sama, tsakiya da ƙasa ake aunawa, gicciye biyu a kowane wuri.